Duman Inna a Gidan Haya

Har yau in na bi ta gaban masu sayar da ƙwarya a kasuwar Utako sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Matan nan ba su yi mini komai ba, muna ma gaisawa, har tsokanarsu nake yi. Ƙwaryar ce ke tuna mini da mutanen gidan da nake haya a Mararaba, mutanen da ranar rabon hankali suna cikin goslo.

Ni ɗan kamasho ne a tashar Utako. Aikina in tsaya bakin mota ina ihun "Kaduna saura mutum ɗaya!" alhali babu kowa a ciki sai direba da ƙuda. Wanda ke wannan aikin ba ya saurin fushi, don zagi muke karyawa da shi da safe. An zage ni da Hausa, an zage ni da Turanci, wata mata ta taɓa zagina da yaren da har yau ban gano na wace ƙasa ba ne, na ce mata amin. Amma abin da aka yi wa dumana, wannan ban haɗiye ba, kuma ba na shirin haɗiyewa.

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, Inna muke ce mata. Tana da wani irin duma da ta gada wurin tata uwar, tana shuka shi duk damina a jikin dangar bayan gida. Na san akwai 'yan Abuja da ke zaton a kamfani ake buga ƙwarya kamar bokitin roba, to ku ji, shuka ta ake yi, duma ne ake fafewa. Kuma na Inna ba irin wanda kuka saba gani ba ne. Masaki yake bayarwa, ƙato, mai kauri kamar babban yatsa, wanda in ka kifa shi akuya da 'ya'yanta za su fake ruwan sama a ciki har su gayyato maƙwabta. A cikinsa aka yi mana wankan jarirai, mu duka. Matan garinmu in za su aurar da 'ya sai sun zo sun kama layi wurin Inna tun duman yana ɗanye.

Inna ta rasu, bayan nan kuma garin namu ya watse. Ba sai na faɗi dalili ba, kowa ya san abin da ke tayar da ƙauyuka a arewa yanzu. Yayata mace, wadda nake bi, ita ta fito da irin, ƙulle a bakin zani, ta bar tukwane da katifa. Da na je gaishe ta a garin da suka koma, sai ta kwance ƙullin ta zube mini a tafin hannu.

Ta ce, "Ka ga inda nake, siminti ne har bakin ƙofa, ba ni da inda zan tona rami. Iri kuma in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi. Wannan ne ya rage, babu wani a hannun kowa. Ka shuka, ka dawo mini da nawa."

Na ce, "Yaya, ki sa a ranki an gama. Zan kawo miki iri buhu guda, sai kin ɗauki hayar sito."

Ta ce, "Kai dai bakinka ya fi gonarka girma tun kana yaro."

Wani direba a tasharmu ɗan wajen Kwali ne, shi ya haɗa ni da kawunsa, wani dattijo Bagware mai gonar doya a Yangoji. Dattijon ya yanka mini gefen gona ya ce in shuka abina. Wanda ya san Abuja ya san daga Mararaba zuwa Yangoji kusan sai ka yi sallama da iyali ka bar wasiyya. Haka nake tafiya duk Lahadi, in ratsa gari, in wuce Gwagwalada, in je in yi ciyawa in dawo ƙafafuna kamar na aro. Duman kuwa ya karɓi ƙasar. Ya yi yaɗo, ya yi fure fari, ya zuba 'ya'ya. Matar dattijon, da yake su a kafaɗa suke ɗaukar kaya cikin ƙwarya, ta zo ta tsaya kan wani babba ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in an fafe a tuna da ita. Ranar na dawo gida ina tafiya kamar ni na gina Abuja.

Ban yi gaggawar yanka ba. Na bari sai da yaɗon ya bushe, karan da ke wuyan kowane duma ya koma ruwan ƙasa, sannan na yanke su da dogon wuya yadda Inna ke yi. Da so samu ne a gonar zan bar su su sha iska. Dattijon ya ce kar in soma, rani na shigowa masu farautar gafiya za su cinna wa dajin wuta, ga shanu. Rumbunsa kuma doya ta cika shi har baki. Sai na loda su a bayan wata motar doya na taho da su Mararaba, ina zaune a tsakiyarsu ina rungume da manyan duk inda aka faɗa rami.

Busar da duma ba shanyar wanki ba ce. In ka baje shi a rana kan siminti, tsagewa zai yi. In ka bar shi a ƙasa, gindin ya ruɓe. Inuwa yake so da iska, kar wani ya taɓa wani, kana juya shi. Kuma ba a fafe shi sai ya yi sakayau, ka girgiza ka ji 'ya'yan suna kaɗawa a ciki. A nan cikin duman irin ke ƙarasa ƙosawa, shi ya sa Inna ba ta taɓa fasa ko ɗaya da wuri ba, ni ma ban fasa ba. Abu ne na watanni, ba na mako ba.

Gidanmu irin na ɗaki-na-kallon-ɗaki ne, kowace ƙofa da yarenta. A bayan ɗakina akwai wani lungu tsakanin bango da katanga, kwano ya ɗan rufa samansa, ba mai shiga sai ƙadangaru da fasassun bokitai. Na je na sami kiyateka, wato mutumin da mai gida ya ɗora ya kula da gidan, na ce ina so in ajiye kayan gona a lungun.

Ya ce, "No wahala, aboki. In ya nuna ka kawo nawa."

Ban tsaya yi masa bayanin cewa ba a ci ba. Na share lungun, na kwaso tsofaffin tayoyi daga tasha na ɗora manyan a kai don iska ta riƙa bi ta ƙasa. Ƙananan kuma na rataye su a jikin katakon kwano. Igiya ta ƙare mini, mai ɗakina ta ba ni wani tsohon zaninta na yayyaga na ƙarasa da shi. Zanin ja ne. Da shuɗi ta ba ni wataƙila da yanzu ba na wannan rubutun.

Duk wanda ya taɓa busar da duma ya san yana yin funfuna. Fatar sama ta yi dabbare-dabbare, baƙi da fari, ta fara saɓulewa, ka ce wata cuta ce ta kama shi, alhali ruwan jikinsa ne ke fita. Ni kuwa kullum in na dawo sallar asuba sai na shiga lungun, na juya wannan, na ƙwanƙwasa wancan, na kara kunne, na ɗan girgiza in ji ko sun fara kaɗawa.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata mata ne mai firiza, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Madam muke ce mata. Wata safiya na juyo daga lungun sai na gan ta tsaye da bokiti, ido waje.

Ta ce, "Aboki, wannan abu naka, mene ne shi?"

Na ce, "Duma ne, Madam. Ƙwarya. Kalabash."

Ta ce, "Kalabash ba ya da fuska. Wannan yana da ido, yana kallon ni in na je zuba ruwa."

Na ce, "Madam, ai ko ni ina kallonki in kin wuce, ba wanda ya kira mitin a kaina."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Me ya sa ka ɗaura shi jan ƙyalle? Me ya sa kana yi masa magana da safe?"

Na ɗauko ɗaya na miƙa mata ta taɓa. Matar nan ta yi tsalle baya kamar na miƙa mata kububuwa, bokitin ya tafi gabas ita ta tafi yamma. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na ce irin mahaifiyata ne a ciki, in sun bushe zan fafe har in ba ta ɗaya ta riƙa zuba zoɓo. Ta ce Allah Ya kiyaye, ta shige ɗaki ta ja labule.

Daga ranar duk abin da ya lalace a gidan nan dumana ne. Firizar Madam ta ƙone, firizar da ta girmi wasu ministoci, aka ce duma. Taransifomar layinmu ta buga, wadda dama duk wata sai ta buga kamar tana karɓar albashi a kan haka, aka ce duma. Aka sace wa kiyateka batirin babur, duma. Wata ta yi mafarki ana bin ta da gudu, da aka tambaye ta wa ke bin ta, ta ce wani abu ne mai zagaye. Da ƙungiyar ƙwallon kiyateka ta sha kashi ma sai da ya harari lungun.

Sai aka kira mitin ranar Lahadi da la'asar a tsakar gida. Kiyateka ya zauna kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar alƙalin babbar kotu.

Ya ce, "Aboki, mutane suna komplen. Sun ce ka kawo juju gida."

Na ce, "Oga, dube ni da kyau. In ina da juju, zan zauna a ɗaki ɗaya a Mararaba ina bin layin bayan gida da buta a hannu? Ai da ina Maitama, kai kana buɗe mini get."

Wasu suka yi dariya, Madam ta ce ba abin dariya ba ne. Sai na waiga wurin wanda nake ganin zai fitar da ni. Akwai wani Bahaushe ɗan'uwana a ɗakin ƙarshe, yana aiki a wata ma'aikata a sakatariya, kullum da rigarsa a goge, tare muke sahu a masallaci. Na ce, "Malam, don Allah gaya musu mene ne wannan."

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, ni dai gaskiya na san ƙwarya, amma ban taɓa ganinta a haka ba. Kuma jan ƙyallen nan, ni ma hankalina bai kwanta da shi ba. Ka san zamani."

Wallahi da Madam ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ita ba ta sani ba, a garinsu wataƙila a wurin boka kawai ta taɓa ganin irin wannan. Amma shi? Na ce, "Malam, kai fa da ƙoƙo aka ba ka ruwan farko a duniya. Kakarka da me take dama fura, da fulas?"

Ya ce, "Ni a Kaduna aka haife ni."

Na ce, "Ai ko a jirgin sama aka haife ka."

Kiyateka ya buga benci ya ce in kwashe kayana kafin Lahadi mai zuwa. Na roƙe shi, ni da ban iya roƙo ba. Na ce sun fara sakayau, saura kaɗan, ƙananan har sun soma motsi a ciki. Na cire jajayen ƙyallayen a gabansu na sa igiyar leda. Ya ce ya gama magana.

Na shiga neman wuri. Ɗakina ni da mai ɗakina da yara, in na shigar da masaki ɗaya sai wani ya kwana a tsaye. Shugaban tasharmu ya ce tasha ba gona ba ce. A ƙarshe na shirya da direban nan ɗan Kwali, ranar Asabar zai zo mu mayar da su Yangoji, dattijon ya ce zai matsa doya ya sama musu gefe. Na gaya wa kiyateka da bakina, ya ce ya ji.

Ranar Alhamis ɗan Madam ya kwana da zazzaɓi. Sauro a gidan nan in suka taru za su iya ɗaga jariri, kwata a buɗe a ƙofar gida, amma ba wanda ya tuna da su.

Washegari ina tasha da rana ina tsakiyar ihu sai wayata ta yi ƙara. Mai ɗakina ce, ta kai ƙaramin yaronmu rigakafi ta dawo. Ta ce, "Baban yara, ka taho gida." Na ce lafiya? Ta ce, "Ka dai taho. Kuma don girman Allah kar ka taɓa kowa."

Na bar mota rabi da fasinja na hau ta Mararaba. Ranar goslon Nyanya ya ga dama ya nuna mini iyakata. Na sauka na hau acaɓa, na sauka na ƙarasa da gudu.

Tun daga bakin layi na ji warin, ɗaci-ɗaci da kananzir. A bolar bayan gida suka yi aikin. Sun kwaso su duka, sun farfasa da taɓarya, wai don abin da ke ciki ya fita, sannan suka tula musu tayoyin da na ɗora su a kai, suka zuba kananzir suka kunna. Babban nan da matar dattijon ta ce a tuna da ita, na gane shi da kaurin ɓallinsa, ya yi baƙi yana hayaƙi.

Na shiga gidan ina ihun da ban taɓa yi wa Kaduna ba. Kowa ya kulle ƙofa. Gidan da ko allura ta faɗi sai mutum goma sun leƙo, ranar kamar maƙabarta. Kiyateka kaɗai na samu yana wanke hannu a bakin famfo.

Na ce, "Oga, ba Asabar muka yi da kai ba?"

Ya ce, "Aboki, yaro ba lafiya. Rai ya fi kalabash. Nawa ne? Za mu haɗa maka, ka sayi wani a kasuwa."

Na ce, "A wace kasuwar ake sayar da uwata?"

Na cakumi wuyan rigarsa, ban san lokacin da na ɗaga shi ba. Mai ɗakina ta riƙe mini hannu, goyo a bayanta yana tsala kuka, tana cewa, "Ka tuna da yaran nan, in 'yan sanda suka rufe ka wa zai ciyar da su?" Na sake shi. Ta yi gaskiya. In je ofishin 'yan sanda in ce me, an kashe mini duma? Su ma dariya za su yi, su ce in kawo kuɗin mai.

Malam na ɗakin ƙarshe ya dawo aiki da yamma ya same ni tsugune a bola ina tona toka da tsinke. Ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Ni ba na nan aka yi." Ban ɗago ba. Na ce masa ya wuce kar toka ta ɓata masa guga.

Na tsince abin da na samu. Wasu 'ya'yan sun fantsama gefe lokacin da ake fasawa, wasu na manne a jikin totuwar da wuta ba ta gama ci ba. Ba su cika tafin hannu ba, kuma duk warin kananzir suke. Na wanke su, na shanya a faifai cikin ɗaki, a ƙarƙashin gado, kamar mai ɓoye kayan sata. Yaron Madam kuwa aka kai shi kemis, aka ce maleriya ce, ya sha magani ya warke. Uwarsa ta bi gida gida tana cewa kun gani, ana ƙonawa ya tashi.

Da ruwa ya sauka na kai su Yangoji. Dattijon da kansa ya zaɓar mini inda ƙasa ta fi laushi, muka shuka tare. Lahadi ta zagayo na je, babu komai. Na sake komawa, ciyawa ta fito, har wata kuɓewa da ba wanda ya shuka ta fito, duma shiru. Sai na durƙusa na tona ramukan da yatsa. Duk sun ruɓe, in ka matsa sai su fashe kamar dafaffen wake. Dattijon ya tsaya a kaina, can ya shiga gida ya ɗebo mini irin nasu. Na karɓa don kar in kunyata shi. Duma ne mai kyau, amma sirara yake bayarwa, ba na Inna ba ne.

A gindin wata bishiya a bakin titi, ina jiran motar komawa, na kira Yaya. Na gaya mata komai. Ni da nake ƙara wa kowane labari gishiri, ranar ban ƙara ko ƙwaya ba. 

Ta ce, "Ko ɗaya bai fito ba?"

Na ce, "Ko ɗaya."

Ta ce, "To. Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ya yaran?"

Na ce suna lafiya. Ta ce in gaishe su, ta kashe. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa, amma ba ta ƙara tayar da maganar ba har yau, ni ma ban ƙara ba.

Ina nan a gidan, don ɗaki a Mararaba ba a tashi a bar shi saboda zuciya. Madam ta sayi sabuwar firiza. Kiyateka yana gaishe ni kullum da safe, har da "Oga aboki, ya aiki," ni kuma ina wuce shi kamar turken lantarki. Malam na ɗakin ƙarshe in mun haɗu a sahu ina ba shi hannu bayan sallama, don wannan ba nawa ba ne in hana. Da mun fito ƙofar masallaci kowa ya nemi takalminsa.